Harsashin .17 HMR a Gonakin Gefen Legas: Yadda Ake Aiki da Shi da Inda Bai Dace Ba

Duk wanda ya yi noma a gefen Legas, ko a Epe ko a Ikorodu ko a hanyar Badagry, ya san takaicin zuwa gona da sassafe a tarar gyazbi ya kwana yana sare masara daga tushe, ya bar kara a kwance kamar an bi shi da lauje. Da yawa daga cikin mutanenmu da suka fara da saye da sayarwa a kasuwar Mile 12 yanzu suna karɓar hayar fili suna shuka rogo da masara da ganye, wasu kuma suna kiwon kaji, saboda haka maganar ɓarnar dabbobi ba ta ƙarewa a majalisunmu na Agege da Idi-Araba. A irin wannan zama ne wani matashi ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini bidiyon wani manomi a Amurka yana kakkaɓe ƙananan dabbobi daga nesa da wani ɗan siririn harsashi, ya ce, "Kawu, wannan ba zai raba mu da gyazbi ba?" Harsashin da ya gani shi ne .17 HMR. Na taɓa yin aiki da shi a gonar wani abokina a Ingila, inda ake rage zomaye da shi, kuma amsar da zan iya bayarwa ita ce kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, amma aikinsa ƙunci gare shi: ƙaramar dabba, a buɗaɗɗen fili, cikin iska mai sauƙi, a tazarar da ba ta wuce yadi 150 ba.

Sanin harsashin kansa

Ana kiran irin wannan harsashi mai kama wuta ta gefe, domin sinadarin da ke kunna albarushi yana zagaye ne a cikin leɓen gindin kwanso, ba a tsakiya ba. Idan an ja kunama, allurar bindiga tana dukan wannan leɓe, sai wuta ta tashi. Saboda dole leɓen ya zama mai laushi don ya lotse, ba a iya cusa wa irin wannan kwanso ƙarfi mai yawa, kuma ba a sake cika shi bayan an harba. Wanda aka fi sani a wannan dangi shi ne .22 LR, wanda ya fito tun 1887, sai ɗan'uwansa da ya fi shi girma, .22 WMR, da kamfanin Winchester ya fitar a 1959.

A shekarar 2002 kamfanin Hornady, tare da haɗin gwiwar Marlin da Ruger masu ƙera bindigogi, ya ɗauki kwanson .22 WMR ya matse wuyansa, ya ɗora masa ɗan kan harsashi mai kaurin milimita 4.4 kacal. Nauyin wanda aka fi amfani da shi giram 1.1 ne, wanda a jikin kwali ake rubutawa da lamba 17 (lambar nauyi ce, ba .17 ta sunan harsashin ba), kuma yana barin bakin bindiga da gudun ƙafa 2,550 a daƙiƙa guda, wato kusan mita 777, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Akwai mai ɗan nauyi, giram 1.3, mai lamba 20 a kwali, wanda ke fita da gudun ƙafa 2,375. Daga wannan rashin nauyi da wannan gudu ne dukkan alherinsa da dukkan rauninsa suka fito. Yana tafiya kusan a miƙe, ba ya dukan kafaɗa, yana tarwatsewa da zarar ya shiga jikin ƙaramar dabba. Amma iska tana wasa da shi, ganye ko kara na iya fasa shi a hanya, kuma ba shi da nauyin ratsa jikin babbar dabba.

Mataki na farko: doka

Kafin a yi maganar saiti ko tazara, sai an wuce ta ƙofar hukuma, kuma a Najeriya ƙofar nan ƙarama ce. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda suka haɗa da bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, da bindigar iska, da doguwar bindigar farauta mai harsashi ɗaya wadda girman bakinta bai shiga jerin na soja ba, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigogin gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar .17 HMR tana cikin gida na biyu. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka gabata. Harsashi ma yana ƙarƙashin lasisi, riƙe shi babu takarda laifi ne mai kai mutum gidan yari.

A shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da ba da sabon lasisi saboda halin tsaro, don haka abin da ya kamata mai sha'awa ya fara yi shi ne ya je hedikwatar rundunar jiha da ke Ikeja da ƙafarsa ya ji matsayin da ake ciki. Idan aka ce masa ƙofa a rufe take, to magana ta ƙare a nan, sai ya koma ga tarko da shinge da kare da share ciyawar gefen gona, waɗanda dama su ne rabin maganin gyazbi. Kada ya saurari ɗan tsakani da zai ce zai samo masa bindiga ko takarda ta bayan fage. Ya kuma sani cewa wannan harsashi ba ya yawo a ƙasar nan kamar na bindiga mai baki biyu, bindigar da babu halastacciyar hanyar samun harsashinta kuwa sanda ce kawai mai jawo tuhuma.

Mataki na biyu: wurin da za a yi harbi da mutanen wurin

A cikin garin Legas wannan bindiga ba ta da gurbi ko kaɗan. Ɓerayen da ke ɓarna a rumbunan Mile 12 ko a kewayen mayankar Oko-Oba maganinsu tsafta ne da toshe ramuka da tarko, domin ɗan harsashin nan da ake rainawa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi idan aka ɗaga baki sama, katangar kwano ko ta katako kuwa ba ta tare shi. Ko a gonakin Epe da Ikorodu ma, unguwanni suna ta cin daji, inda bara ciyawa ce bana sai ka ga tubali da masu gini. Saboda haka manomi ya zagaya gonarsa da rana tsaka, ya san inda hanya take, inda masunta ke bi, inda mata ke shiga itace, sannan ya zaɓi kusurwa ɗaya ko biyu kaɗai da zai riƙa harbi ta cikinsu, waɗanda bayansu tudu ne ko gangaren ƙasa mai laushi da zai haɗiye harsashi. Idan gonar shimfiɗaɗɗiya ce, kamar yadda yawancin ƙasar Legas take, sai ya kafa ɗan dandamali mai tsayi ya riƙa harbi daga sama zuwa ƙasa. Ba a harbin abin da ke kan reshe da wannan bindiga, ba a harbi a kan ruwa, ba a harbi a kan dutse ko kwalta. Gaskiya ne harsashin .17 ya fi na .22 LR saurin farfashewa idan ya daki ƙasa, amma wannan sauƙi ne kawai, ba tabbaci ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wanda ba zan tsallake shi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da suke ciki. Wannan rana ta nuna mana yadda ake kallon Bahaushe da bindiga a dajin Kudu a wannan zamani. Don haka duk wanda ya sami lasisi, kafin ya kai bindiga gona, ya je wurin mai filin, ya je wurin Baale, wato dagacin ƙauyen, ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya gabatar da kansa ga mafarautan Yarabawa na yankin, ya kuma sanar da Sarkin Hausawan wurin. A hanya bindiga ta kasance babu harsashi a cikinta, a rufe cikin jakarta, takardar lasisi kuma tana jikinsa.

Mataki na uku: bindiga da madubi

A nan zan taƙaita. A zaɓi bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, irin Savage 93R17 ko CZ 457 ko Ruger American Rimfire. Masu ɗura kansu sun ba da matsala da wannan harsashi, har kamfanin Remington ya janye samfurinsa na 597 mai cin .17 HMR a 2009. Madubin hangen nesa wajibi ne, domin abin da ake nema kansa bai wuce girman lemun tsami ba, kuma mai ƙara girma daga ninki 3 zuwa 9 ko daga 4 zuwa 12 ya wadatar. A karanta abin da aka zana a jikin bututun bindiga, a tabbata ya yi daidai da na jikin kwali, domin akwai .17 HM2 da ya fito a 2004 da .17 WSM na 2013, sunayensu sun yi kama amma ba sa musanya da juna. A tanadi abin toshe kunne, saboda ƙararsa siririya ce mai kaifi, tana cin ji a hankali ba tare da mutum ya lura ba.

Mataki na huɗu: daidaita saiti

Wannan shi ne aikin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. A zaɓi safiyar da iska ta kwanta. A kafa kwali mai faɗi a gaban tudun da aka riga aka amince da shi, a zana ɗigo a tsakiya, a auna yadi 25 da igiya ko da abin awo, ba da ƙiyasin ido ba. A ɗora gaban bindiga a kan buhun yashi, gindinta ma a kan wani ƙaramin buhu, yadda hannu ba zai ɗauki nauyinta ba. A harba uku, ana nufin ɗigon nan kowane karo ba tare da bin ramin da ya gabata ba, sannan a duba tsakiyar inda suka taru a juya maɓallan madubi zuwa wajen ɗigo. Manufar wannan zango ita ce kawai a tabbata harsashi yana sauka a kan kwali.

Daga nan a mayar da kwali yadi 100, wanda ya yi kusan mita 91. A yawancin madubai, kowane ƙas ɗaya na maɓalli yana matsar da harsashi rubu'in inci a wannan tazara, ke nan idan taron ramukan ya sauka inci 2 a ƙasa da ɗigo, ƙas 8 za a juya zuwa sama. A riƙa harba biyar biyar, a bar bututu ya huce tsakani, musamman a zafin Legas. Bindiga mai kyau da harsashin da ya dace da ita tana tara biyar ɗin nan cikin kusan inci guda. Idan ta warwatsa su, a fara duba kusoshin da suka riƙe madubi kafin a zargi bindiga, sannan a gwada harsashin wani kamfani, domin kowace bindiga tana da wanda ta fi so.

Idan an daidaita a yadi 100, harsashi mai giram 1.1 yana tafiya kusan a kan layin saiti tun daga yadi 50 har zuwa wajen 120, a yadi 150 yana faɗuwa kusan inci biyu da rabi, a yadi 200 kuma kusan inci takwas da rabi. Wanda ya saba da .22 LR, wanda ke faɗuwa wajen inci 5 ko 6 a yadi 100 idan an daidaita shi a 50, zai ga bambancin nan take. Amma faɗuwa abu ne da ake haddacewa, iska ce ba ta da alƙawari. Iskar da ke kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa, irin wadda ke motsa ƙananan rassa, tana ture wannan harsashi kusan inci 3 a yadi 100, a yadi 200 kuwa fiye da ƙafa guda. A gonakin da ke kusa da teku ko tafkin Legas iska takan tashi da rana ta ƙara ƙarfi zuwa la'asar, don haka safiya ta fi yamma. Ni a ganina yadi 120 ne iyakar mai matsakaicin gwaninta, kuma duk wanda bai iya saka harsashi biyar a jere cikin da'irar da ba ta wuce bakin kofin shayi ba a wata tazara, bai kamata ya nufi mai rai a wannan tazarar ba. A rubuta sakamakon kowace tazara a ɗan kati a manna a gindin bindiga.

Mataki na biyar: wace dabba, kuma da wane harsashi

A Amurka ana amfani da shi a kan kuregun ƙasa da makamantansu, a Ingila kuma a kan zomaye da hankaki. A wajenmu abokan aikinsa su ne kurege mai tone iri, da gafiya, da zomo, da gyazbi wanda Yarabawa ke kira oya, da tunku idan ya addabi kaji, sai zabon daji da fakara idan suna kiwo a ƙasa. Harsashi mai kan roba, wanda Hornady ke kira V-Max, an yi shi ne don ya tarwatse, ya dace da dabbar da ake son kawarwa kawai. Idan nama ake so, yana lalata shi ƙwarai in ya shiga ƙirji ko cinya, sai dai a nufi kai, ko a koma ga mai giram 1.3 wanda ya fi shiga ciki bai kuma cika fashewa ba. Gyazbi babba yana kai kilo huɗu ko biyar, kuma shi ne a bakin iyakar ƙarfin wannan harsashi, saboda haka a same shi a kai ko a bayan kafaɗa, a tazarar da ba ta wuce yadi 80 zuwa 100 ba.

Gada da gadu da duk abin da ya kai girmansu ba nasa ba ne. Zai yi musu rauni mai faɗi a fata ya bar su su tafi su mutu cikin wahala, wannan kuwa zalunci ne da addini ya hana, mafarautan kirki ma ba sa yarda da shi. Dabbobin da doka ta kare, irin su ɗankunya, ba a taɓa su ko da sun shigo gona, domin Dokar Kare Dabbobi Masu Fuskantar Ƙarewa ta 1985 tana aiki a kansu, kuma gandun da aka keɓe kamar na Lekki ko dajin Omo a jihar Ogun ba wurin farauta ba ne. Shaho da mujiya kuwa abokan manomi ne, su ke rage masa ɓera.

Mataki na shida: zama a gona

Nan ne ƙasar Kudu ke rage wa wannan harsashi daraja, kuma gara a faɗa. An yi shi ne don fili mai faɗi, gyazbi kuwa mazaunin ciyawa mai duhu ne a bakin fadama, da dare yake fita, kuma da damina da wuya ka hangi yadi 30 a gonar rogo. Dabarar ita ce a share wani zirin fili mai faɗin yadi 10 zuwa 15 tsakanin ciyawa da shuka, a gano hanyoyinsa ta wurin guntayen karan da ya yanka da kashinsa, sannan a zauna a dandamali tun kafin gari ya waye sosai ko dab da magariba, iska tana busowa daga wajensa zuwa wajen maharbi. Ba na ba kowa shawarar harbin dare da fitila. Idanu biyu masu ƙyalli a duhu ba su isa shaida ba, kuma an sha jin labarin maharbin da ya harbi ɗan'uwansa yana zaton dabba ce.

Ba a saka harsashi sai an zauna, yatsa kuma ba ya shiga wajen kunama sai an ga dabbar gaba ɗayanta, an gane ta, an ga abin da ke bayanta, an kuma tabbata babu kara ko ganye a tsakani. Sai a yi bisimilla, a saki rabin numfashi, a matsa kunama a hankali ba tare da fizga ba, ido yana cikin madubi har bayan tashin harbi. A ja sakata nan da nan a shirya na biyu ko da za a buƙata. Dabbar da ake ci, idan an same ta da sauran rai, a yanka ta take.

Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin bindiga yana kallon tudu na kusan minti guda kafin a buɗe sakata. Idan kuma ƙarar ta fito da rauni ba kamar yadda aka saba ba, a dakata, a cire sakata a leƙa bututu ta baya, domin an san wannan harsashi da tsagewar wuyan kwanso jefi-jefi, danshi ya shiga albarushi, kan harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu. Harba wani a bayansa yana iya fasa bindiga a fuskar mai ita. Saboda haka ake duba wuyan kowane harsashi a haske kafin a ɗura shi, wanda aka ga tsaga a jikinsa a ware shi.

Mataki na bakwai: gawa da nama

A ɗauki gawar gafiya da sauran dangin ɓera da safar hannu ko da leda, a binne wadda ba za a ci ba da zurfi yadda kare ba zai tono ta ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi da jini, kuma yakan yi ƙamari da rani. Naman da za a ci a yanke kewayen raunin da faɗi a zubar, saboda ɓurɓushin dalma yana bazuwa fiye da inda ido ke gani, ya fi kuma cutar da yara da masu juna biyu. Hornady yana yin wani samfuri marar dalma mai suna NTX, wanda ya fi dacewa da mai neman nama idan ya samu.

Mataki na takwas: wanki da ajiya

Ramin bututun .17 siriri ne ƙwarai, sandar wankin .22 ba ta shiga, sai an nemi tasa ta musamman, kuma saboda sirantarta tana lanƙwashewa idan aka tura ta da ƙarfi. A riƙa shigar da ita ta baya, wajen sakata, don kada a ci bakin bututu, wanda lafiyarsa ce ke riƙe da daidaiton harbi. Kan harsashin yana da rigar tagulla da ke barin saura a ciki, don haka idan aka ga ramuka sun fara warwatsewa a kwali, a wanke da ruwan maganin da ke narkar da tagulla, sannan a harba biyu ko uku a tudu kafin a koma farauta, domin wankakken bututu yakan ɗan kauce a harbin farko. Kada a riƙa jan kunama babu harsashi, allura tana iya dukan bakin ɗakin harsashi ta lotsa shi.

Danshin Legas da gishirin iskar teku suna sa ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Bayan kowace fita a goge duk ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, kada a bar bindiga ta kwana cikin jakar da ta jiƙe. A ajiye ta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda aka kafe a bango, a cire sakata a ɓoye ta daban, harsashi kuma a wani akwati mai rufi da kyau tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Mabuɗi ya zauna a jikin mai lasisi shi kaɗai. Wanda yake zaune a gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska, inda yara ke shiga ɗaki su fita kuma baƙi daga gida ke sauka kowane mako, ya fara neman amintaccen wurin ajiya da hukuma ta yarda da shi, kuma ya riƙe lissafin harsashinsa a rubuce, nawa ya saya, nawa ya harba, a wace rana, tare da ranar da lasisinsa zai ƙare don ya sabunta shi kafin lokacin.